Yadda muka raba "said" da danginsa gida-gida

Ƙanwata ce za ta zana WAEC, ni kuma aka ɗora min yi mata lesin ɗin Turanci bayan sallar isha'i. Da muka zo kan reported speech, wato ba da labarin abin da wani ya faɗa, na ba ta jimla goma ta juya, wallahi duk goman "he said that" ta rubuta. Ba wai kuskure ba ne fa, amma ɓarawo ya ce bai sata ba said, uba ya ja kunnen ɗansa said, saurayi ya yi alkawari shi ma said, haba.

Sai na ce mu ajiye Turancin tukuna. Na tambaye ta, in Baba ya ce "kar ki sake ki fita da dare" me ya yi? Ta ce gargaɗi. In mai shago ya ce "ni ban karɓi kuɗinki ba" fa? Ta ce ya musanta. Ashe abin yana bakinmu tuntuni. Muka yayyanka tsohuwar kalanda, kowane guntu muka rubuta kalma ɗaya a bayansa, muka baza a tabarma muna tara su kashi-kashi bisa abin da mai maganar ya aikata da bakinsa. Na umarni da roƙo gefe guda, order, command, beg, ask. Na shawara da jan kunne su advise, warn, remind, suggest. Admit da deny muka haɗa su duk da kishiyoyi ne tunda duka a gaban tuhuma ake yin su, accuse da blame na maƙwabtaka da su. Promise, offer, refuse kuwa ɗaki ɗaya, don duk magana ce kan abin da mutum zai yi ko ba zai yi ba nan gaba.

Wanda ya fi burge ni shi ne claim. Ina ta kewaye-kewaye ina bayani sai kawai ta ce "Yaya ai wai kenan". Kuma gaskiyarta! In ka ce wai shi likita ne, ka faɗi maganar amma ka zame jikinka, haka "he claimed to be a doctor" take. Shi ya sa 'yan jarida ba sa rabuwa da claimed da alleged, ni da na shekara ina karanta jarida ban taɓa haɗa su da wai ɗinmu ba.

To inda na yi tuntuɓe shi ne na ɗauka duk 'yan gida ɗaya tufafinsu iri ɗaya ne. Ta rubuta "he advised me to rest", daidai, sai ta bi da "he suggested me to rest" ni kuma na ba ta maki har da jinjina. Washegari ina duba ƙamus a waya na ga ashe suggest ba ya karɓar wannan ginin sam, sai dai "he suggested that I rest" ko "he suggested resting". Kunya ta kama ni amma dole na koma na ce mata malaminki ya yi kwaɓa. Daga nan muka gano sauran: deny stealing amma refuse to pay, accuse da of yake tafiya, blame da apologise da for, insist da on. Ko tell ma sai ka ambaci wanda aka faɗa wa, told me, shi kuwa say sai dai said to me. Ma'ana tana taimaka maka ka zaɓi kalmar ne kawai, abin da zai biyo bayanta sai ka haddace, don haka muka koma kowane kati muka ƙara masa cikakkiyar jimla a ƙasa.

Threaten ne har yau ba mu daidaita a kansa ba. Ita ta ce ɗan gidan warn ne tunda duka tsoratarwa ce, ni na ce ɗan gidan promise ne, don mai barazana shi da kansa zai aikata abin, kuma "threatened to" ake cewa kamar "promised to". Katin dai yana nan tsakiyar tabarma tsakanin kashi biyun, jiya ma sai da muka sake musu a kansa har Umma ta leƙo ta ce mu rage murya.