Kafin ka ɗaure kaya zuwa Riyad

Ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni bayan isha'i ran Juma'ar da ta wuce, bai ko shanye shayin da aka zuba masa ba ya miƙo mini waya. "Kawu, duba nan." Takardar ɗaukar aiki ce daga wani kamfanin raba kaya a Riyad, albashin ya kusa ninka abin da yake samu a nan Makka. Ya ce ya riga ya amsa musu, ƙarshen wata zai tafi, har da amaryarsa. Na tambaye shi nawa ake kama gida a unguwar da zai zauna, ya ce sai ya isa zai bincika. Na ce ya taɓa kwana a Riyad cikin watan Janairu? Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai duk ƙasa ɗaya ce." Daga nan ya shiga nuna mini bidiyon fitilu da jirgin ƙasa da dogayen benaye, ni kuwa hankalina ya riga ya koma 2016, shekarar da na faɗa wa mahaifiyata wannan maganar, kusan baki ɗaya da tasa.

Ni mai gyaran wuta ne da na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif. A lokacin ina aiki da wani kamfani mai kula da otal-otal kusa da Harami. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma idan azumi ya kama ko alhazai suka sauka, kuɗin ƙarin lokaci kaɗai yakan riƙe gida wata da watanni. Muna zaune a wajen Shara Mansur, a wani tsohon gida da mahaifinmu ya kama tun muna yara, hayar ba ta taka kara ta karya ba. Maiɗakina tana yin girkin biki da ƙunshi, ba ta taɓa tambayata kuɗin sabulu ko na littafin yara ba. Duk wannan ban sa shi a lissafi ba, domin abin da ka tashi ka tarar da shi ba ka ɗaukarsa dukiya. Da wani abokina ya kira ni ya ce akwai gurbi a Riyad, albashi ninki biyu, lamba biyu kawai na ajiye a gabana, ta nan da ta can. Na ga ta can ta fi, na nemi a mayar da igamata, wato takardar izinin zama, hannun sabon kafili, wanda zai tsaya mini a wurin hukuma, na kwashi mata da yara huɗu.

Ba hauka na yi ba, wannan ina so a gane. Ina ji ina gani aikin babban titin da aka ratsa daga yammacin gari zuwa Harami yana cin unguwanni ɗaya bayan ɗaya, mutanen da muka taso tare suna watsewa. Kullum muna kwana da fargabar ranar da za a zo a shafa wa bangonmu fentin alamar rushewa. Mutum mai iyali da ya ga haka, ya ce bari ya nemi wuri tun ƙafarsa na da ƙarfi, wa zai ce ya yi laifi? Har yau idan na tuna, wani sashe na zuciyata yana cewa da ma dole wani a gidanmu ya gwada. Amma gwaji daban, kwasar iyali a rufe ido daban, kuma na biyun na yi.

Haya ce ta fara karya ni. A Riyad mai gida ba ya sauraron zancen wata-wata, kuɗin wata shida yake so a dunƙule, sannan ofishin dillalai ya karɓi nasa kashi biyu da rabi cikin ɗari. Kafin in karɓi albashin farko, ajiyar shekaru ta tafi, har da 'yan kunnen maiɗakina. Gidan da ƙarfina ya kai yana can kudu, wajen Manfuha, aikin kuwa yawanci a arewa yake, inda ake ta sababbin gine-gine. Riyad gari ne shimfiɗaɗɗe, a ƙidayar 2022 mutanensa sun kusa miliyan bakwai, kuma a wancan lokacin ba ka zuwa ko'ina sai da mota. Ni da nake takawa da ƙafa zuwa wurin aiki a Makka, sai ga ni na ci bashin mota, ina fita da asuba ina dawowa yara sun yi barci.

Sai abubuwa suka biyo juna. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo. Shekara ta zagayo ya zama 200, sannan 300, daga Yulin 2020 ya tsaya a 400. Ni mai mutum biyar, ku lissafa: daga riyal 500 zuwa 2,000 a wata, ban sayi ko ƙwayar shinkafa ba. A Janairun 2018 aka shigo da harajin saye na kashi biyar cikin ɗari, wanda ya koma goma sha biyar a 2020. A Janairun 2018 ɗin dai litar fetur mai arahar ta tashi daga halala 75 (halala ɗari ce riyal ɗaya) zuwa riyal 1.37, kuɗin wuta ma ya ninka fiye da sau uku ga ƙaramin gida irin nawa. Na daɗe ina kare kaina da cewa ai waɗannan duk da sun same ni ko ina Makka, kuma gaskiya ne, ƙasa ɗaya aka yi wa dokar. Sai dai 'yan'uwana da suka zauna sun sha wannan ruwan ne suna cikin gida mai arha, ba bashin mota, matansu na sana'a, tukunya ɗaya tana ciyar da gida uku. Ni ya same ni ni kaɗai, a garin da ba wanda zan buga wa ƙofa in ce ranta mini.

Maganar sanyi kuwa, ɗan Makka bai san shi ba. Mu a nan hunturu shi ne ka kashe mukayyif ka ja mayafi. Riyad tana kan tudu ne a tsakiyar Najadu, nesa da teku, kuma idan kwanaki arba'in ɗin nan da suke kira marba'aniyya suka shiga a farkon Disamba, akwai daren da sanyi ke sauka kusa da sifiri. Mun isa ba mu da bargo mai kauri ko ɗaya. Ina tuna ƙaramar 'yata zaune gaban hita da safe, ta dunƙule hannuwa cikin hammata, leɓenta ya tsage yana jini, uwar tana shafa mata man zaitun tana hawaye ba ta cewa komai. Bayan sanyi sai ƙura, wajen watan Maris zuwa Mayu, sama ta yi ja, ka rufe taga da ƙofa amma ka tarar da ita a kan faranti. A nan yarinyar ta kamu da asma, har yau tana yawo da abin shaƙa a jaka. Zafin bazara ban cika kuka da shi ba, wanda ya tashi a Makka zafi ba baƙonsa ba ne, kuma na can busasshe ne, har mukayyif mai aiki da ruwa yana sanyaya ɗaki da wuta kaɗan, abin da ba ya yiwuwa a cikin gumin Jidda. A matsayina na mai wannan sana'ar na yaba da hakan.

Abin da ya fi ci mini rai ban gan shi da wuri ba, domin ni ina fita. A unguwarmu ta Makka ƙofa a buɗe take, mace ta leƙa ta ce a sam mata daddawa, yara su ci abinci a duk gidan da azahar ta same su, Hausa kake ji tun daga bakin titi. Mutanen Hijaz, yankinmu na Makka da Jidda, sun saba da baƙi tun zamanin da kakanninmu suke zuwa a ƙasa. Mutumin Najadu kamewa gare shi. Katangarsa doguwa ce, ba a zuwa gidansa sai da sanarwa, kana buɗe baki ya gane daga yamma ka fito. Ni kuma na ɗauki wannan wulaƙanci ne, na ja jikina, na riƙa faɗa wa matata mutanen garin nan ba su da kirki. Ban yi musu adalci ba. Akwai wani dattijo a masallacin layinmu da ya shekara yana amsa sallamata a taƙaice, ranar da ya ji yarinyar tana asibiti shi ya zo da motarsa, ya zauna da ni har gari ya waye, daga baya ya shigar da ni majalisarsa ana zuba mini gahawa kamar ɗan gida. Da na yi haƙuri tun farko na riƙe sahun masallaci ɗaya, da na samu irinsa da yawa. Amma ita maiɗakina ba ta da masallaci, ba ta da wurin aiki. Ɗaki biyu da taga ɗaya, daga safe har dare. Matar da gidan biki ba ya tashi sai da ita ta koma ba ta magana, ta rame, ni ina cewa rashin godiya ne. Yaran kuma suka daina mayar da Hausa, idan kakarsu ta kira a waya sai su miƙo mini. Sama da kilomita 850 ne tsakaninmu da ita, ba tafiyar da za ka yi don an ce maka jikin tsohuwa ya motsa ba ce.

Mun dawo bayan annobar korona, da bashi, gidan mahaifinmu kuma wani ya riga ya shiga.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, sai na ga ba su kai haka ba. Albashin da aka rubuta a takarda ba naka ba ne, naka shi ne abin da ya rage bayan haya da mota da wuta da kuɗin igamar iyali. Ɗauki biro ka cire su tun kana gida. Ku yaran yanzu waya tana hannunku dare da rana, kun san sunan kowane gidan cin abinci a arewacin Riyad, amma a ce mutum ya ɓata rabin sa'a ya duba farashin haya a unguwar da zai iya zama, sai ya ce Allah zai rufa asiri. Allah yana rufa asiri, mu ma da shi muka dogara, amma shi ya ba ka hankalin. Yaron nan har yana karanta mini cewa a watan Satumban 2025 an hana ƙarin kuɗin haya a Riyad na tsawon shekara biyar. Haka ne. Ka tambayi kanka me ya kai hukuma ga yin hakan, kuma a wane farashi aka tsayar da ita. Bayan ta gama hawa aka tsayar. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Disamban 2024 ya rage wahala, layi shida, riyal huɗu ka yi tafiyar sa'a biyu, da yana nan a zamanina da wataƙila ban ci bashin mota ba. Sai dai ka fara sanin ko akwai tasha kusa da inda za ka kwana. Kuma kuɗin gida da kamfani ya yi maka alkawari da baki, idan ba ya cikin yarjejeniyar da aka shigar a Qiwa, shafin hukuma na rajistar yarjejeniyar aiki, ka ɗauka babu shi.

Zuciyata tana cewa in ce muku kada ku je, ku zauna kusa da iyayenku da Ɗakin Allah, inda salla ɗaya take daidai da dubu ɗari. Amma in ce ku zauna a ina? Mun ga yadda aka rushe unguwannin Karantina da Gulail da Sabil a Jidda tsakanin 2021 da 2022, dangin da suke can kowa ya kama gabansa. Aiki kuma yana Riyad, ga baje kolin duniya na 2030, ga gasar ƙwallon duniya ta 2034, gine-gine ba za su tsaya ba. Saurayin da ya zauna a bakin layi yana jiran lokacin alhazai shekara ta zagayo, shi ma ban ga abin yabo a wurinsa ba. To ka je. Amma ka je kai kaɗai, ka kwana a ɗakin ma'aikata, ka ci sanyi ɗaya da zafi ɗaya, ka ga abin da ya rage a aljihunka. Na san na gama ba ku labarin illar kaɗaici, yanzu kuma ina cewa a bar amarya a baya. Ba ni da amsar da ta fi wannan. Ita a nan tana da uwa da ƙawaye, kai a can kana da aiki, wata shida ko shekara ba za ta kashe aure ba.

Idan kuwa ka nace sai da ita, ka tambaye ta tukuna, ku biyu, ba a gaban iyayenka ba inda kunya za ta sa ta ce duk yadda ka yi daidai ne. Ka faɗa mata ba za ta ji Hausa a maƙwabta ba, za ka fita da asuba ka dawo bayan isha'i, sana'ar da take yi a nan sai ta sake neman masu saye daga farko. Ka ajiye kuɗin motar dawowa da hayar wata uku a wurin mahaifiyarka, kada ka taɓa su ko mai gida yana tsaye a bakin ƙofa.