Abin da sifika mai baki ɗaya ta koya mini

Shekara uku na yi ina koyon gyaran rediyo da amfilifaya a wata rumfa kusa da kasuwar Dambatta. Da na je, abin da na sani game da sauti shi ne ƙara: wadda ta fi cika unguwa ita ce ta fi kyau. Maigidana bai taɓa yi mini gardama a kan haka ba, aiki kawai yake miƙo mini.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, wani dattijo tsohon malamin makaranta ya kawo akwatin sifikarsa a bayan babur. Mai baki ɗaya ce, wato mafitar sauti guda, inci 8, ba tuwita (ƙaramar sifikar siririn sauti), ba komai. Ya ce in ya sa karatu ko kiɗan kukuma sai ta riƙa zuzu. Na kwance ta, na danna kwalin, wato faifan gabanta mai kaɗawa ya ba da sauti, a hankali ban ji kwayil na gogar maganaɗisu ba, na auna da mita, lafiya lau. A shago kuwa ko tari ba ta yi.

Maigida ya ce, "Kai, bi Malam gida ka ga inda take zama."

A kan kabad na same ta, kabad ɗin cike da kwanuka da tangaran, rufin ɗakin kuma na kwano. Na dafa katakon da tafin hannu sai zuzun ya ragu. Duk lokacin da kwali ya yi gaba, akwatin yakan ɗan ja baya, wannan girgizar ta sauka cikin kabad, kwanukan su amsa. Na sauke ta, na kawo tsohon tif ɗin keke na ɗan hura masa iska kaɗan, na ɗora falankin siminti a kai, sannan sifikar. Nauyi a sama, taushi a ƙasa. In ka cika wa tif ɗin iska ya yi tauri, girgizar wucewa za ta yi. Sai ya kasance yana ɗan lotsawa. Malam ya saurara jim, ya ce, "Ɗana, yau na ji numfashin mai karatun."

Daga nan na fara son irin wannan sifika. Kunnen mutum yana jin kaɗawa daga wajen 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya, kuma kwali ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan duka daidai wa daida, shi ya sa ake raba aikin tsakanin babbar sifika da tuwita. Amma rabon yakan faɗo ne wajen 2,000 zuwa 3,000, daidai inda kunne ya fi kaifi. Mai baki ɗaya ba ta da wannan ɗinkin, murya daga wuri guda take fitowa, shi ya sa masu sha'awar sauti a Ingila da Japan suke riƙe da irin na kamfanonin Lowther da Fostex har yau. Tana da iyakarta: ba za ta ba ka bes mai dukan ƙirji ba, kuma ba ta gidan biki ba ce. Ta ɗaki ce, ta mai son ya ji gurmi kamar a gabansa ake kaɗawa.

Amfilifaya kuwa a nan na fi ganin ana asarar kuɗi, abin yana damuna. Mutum zai sayo wadda aka rubuta wat 5,000 a katan ɗinta, alhali da batirin sola mai bolt 12 take aiki. Maigida ya sa na yi lissafin da hannuna: in ba ta da abin ɗaga wuta a ciki, bolt 12 ba zai ba sifika mai om 8 fiye da wat 9 ko makamancin haka ba. Wat 9 ɗin kuma ya wadatar in sifikar mai saurin amsawa ce, domin duk ƙarin desibel 3 (ma'aunin ƙarar sauti) ninkin wuta yake ci, don haka mai desibel 93 da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar mai 87 za ta yi ƙara ɗaya da ita. Matsalar tana zuwa ne in aka murɗe ƙaramar amfilifaya har ƙarshe, sauti ya tsage, ko a jona sifika huɗu masu om 8 a waya guda, su koma om 2, amfilifaya ta yi zafi ta ƙone. Irin waɗannan na gyara ba adadi.

Bayan wata guda na koma ƙauyen Malam. Ya ce in yana gefe muryar takan ɗan dushe. Haka ne, siririn sauti daga kwali mai faɗi miƙewa yake yi gaba kamar hasken tocila. Muka juyo da bakin sifikar ya fuskanci tabarmarsa, muka ɗaga ta daidai kunnensa in yana zaune, muka ja ta taku biyu daga kusurwar ɗakin.