Garmanin da na shuka da hannuna

Har yau in na bi hanyar Mirya na hangi furen garmani ruwan ɗorawa a bakin kwalta, sai raina ya ɓaci. Damina biyu ke nan, abin bai sake ni ba.

Ni ke kula da ma'aikata a wata kariyar gabas da Damagaram, inda muke haƙar marmara da tsakuwa. Kafin a fara haƙa sai mun kankare ƙasar sama mun tsibe ta gefe guda, ran da ramin ya ƙare a maido ta a shimfiɗe, ciyawa ta sake fitowa. Alkawarin da Alhaji mai wurin ya yi wa mai gari ke nan, don filin makiyaya ne tun kaka da kakanni, ga burtali ya ratsa ta arewa.

Garmani kuwa ba abin da yake so kamar ƙasar da aka tayar. Tun watan bakwai ya kewaye bakin ramin. Tunkiya ta sansana ganyen nan mai gashi-gashi ta yi gaba, kuma duk inda ya kafu kyasuwa da burburwa sun yi sallama. Na gan shi sarai, amma kamiyoyi na layi, na ce bari ruwa ya ɗauke tukuna.

Sai watan goma na ɗauko samari da adduna, kwana uku suka kwantar da shi kaf. Nan na yi wautar da ta fi kowace: na ce a jibge shi bisa tsibin ƙasar sama, wai ya ruɓe ya zama taki. Ni fa a ganina dabara na yi.

Wani dattijo Bafillace da ke shayar da tumakinsa a ruwan ramin ya tsaya yana kallonmu. Ya tsinko busasshen kai guda, ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙo mini. 'Ya'ya ne ƙanana, kowane da tsini biyu kamar ƙaho, ɗaya har ya maƙale a hannun rigata. Ya ce, "Ɗana, ai wannan iri kake zubawa a rumbu." Na ce, "Baba, rana za ta ƙone shi kafin baɗi." Bai ƙara ko uffan ba, ya kora dabbobinsa.

Da rani muka rufe ramin farko, injin ya baje tsibin nan kan filin duka. Ruwa na sauka wurin ya yi kore shar. Don murna har hoto na ɗauka na tura wa Alhaji ta WhatsApp. Hoton nan na nan cikin wayata, na kasa gogewa. Bayan sati biyu ganye ya buɗe, na duƙa na duba, garmani ne zalla daga wannan baki zuwa wancan, ya fito daidai wa daida kamar an yafa riɗi. Kututturen da muka sare kuma, saiwarsu na ƙasa, kowane ya tofo da rassa huɗu ko biyar.

Mai gari ya aiko kira. Abin da Alhaji ya faɗa mini cikin mota a hanyar dawowa, bari in bar shi a cikina.

Wani ya ba da shawarar a yi feshi a huta. Na ƙi, don duk ruwan wurin gangarawa yake cikin ramin da dabbobi ke sha, yara na wanka. Muka koma tugewa da hannu. Washegarin ruwa, ƙasa na da laushi, saiwar takan fito ɗungurungum. In aka bari kwana uku marmara ta bushe, sai ta katse a ciki, aikin banza. Mata sun fi samari iya wannan aiki nesa ba kusa ba, ba sa gaggawa. Abin da aka tuge kafin ya yi fure ba shi da illa, wanda ya fara 'ya'ya kuwa can ƙasan rami bisa dutse muke ƙone shi.

Kuma ba a tugewa sau ɗaya a ce an gama. Irin ba ya tsirowa lokaci guda, sau uku muka bi filin a damina ɗaya. Kuɗin da na kashe ya ninka na samarin adda fiye da sau biyar, duk a kan aikin da mutum goma za su gama cikin sati in da na yi shi a watan bakwai na farko.

Inda muka tuge ba mu bar shi fili ba, garmani ne zai dawo. Muka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, muka yafa irin kyasuwa da gamba, muka cusa yakuwa a tsakani don ta yi masa inuwa, muka sa mai gadi ya tsare dabbobi har ciyawar ta zubar da iri. Direbobi ma na takura musu su kankare laka daga taya kafin su shigo, suna ta gunaguni. Tsibin ƙasar sama na rami na biyu kuwa, ni da kaina nake zagaya shi kowace Asabar.

Bana kyasuwa ta kai gwiwa a rabin filin. Kusurwar da tsibin farko ya zauna har yanzu tana fitar da garmani. Dattijon nan in ya zo wucewa sai ya ɗaga sanda daga nesa ya ce, "Ɗana, ya rumbu?"