Sikelin Faransa da tikitin Garwa

Motar safe na shiga daga Ngaundare don in isa Garwa, a arewacin Kamaru, kafin la'asar. Wanda bai saba da hanyar ba, gangaren dutsen da ke bayan gari ne zai fara tayar masa da hankali: kwana bayan kwana, manyan motoci na rarrafe, ƙafar direba ba ta barin birki. Da an sauko kuwa, sanyin tudun Adamawa ya ƙare ke nan. Muka bi ta gefen gandun dajin Binuwai, muna ta wuce motocin auduga, har gadar kogi ta bayyana. Watan Maris ne, ruwa ya janye, yashi ya fito fili, zafin Garwa kuma ya tarbe mu tun daga tasha.

Gidan kawuna na sauka. Baduku ne, jikan fataken Kano, kuma tun yana saurayi yake ɗinka jalala da kayan adon dawaki ga masu hawan sallah na Garwa da Demsa. Kusa da shagonsa akwai wata rumfa da ba ta rabuwa da mutane bayan azahar: 'yan acaɓa, masu tura baro, har da masu furfura, kowa riƙe da takarda da biro. Rumfar cacar doki ce. Dawakin da suke zuba wa kuɗi ba a Garwa suke gudu ba, a Faransa suke, a filaye irin su Lonshan da Shantiyi. Akwai tiyarse, wadda aka ƙirƙiro a can a 1954, inda mutum zai zaɓi dawaki 3 na farko, akwai kuma ta dawaki 5 da ta zo a 1989.

Washegarin zuwana muna zaune a shago sai ihu ya tashi. Wani yaro ɗan acaɓa, maƙwabcin Kawu, ya shigo a guje yana ɗaga tikiti.

"Baba, na ci! Wallahi duka ukun sun shigo a jere!"

Kawu bai ajiye basilla ba. Ya ce, "Ɗana, an ba ka kuɗin?"

Ba a ba shi ba. Kafin ya koma rumfar, labari ya sauya: an cire dokin da ya zo na biyu, saboda da aka sake auna mahayinsa nauyi bai cika ba.

Wani dattijo, tsohon akawu da ya daɗe yana bin takardun sukuwa, shi ya zauna ya warware mini. Kowane doki akwai nauyin da aka yanka masa ya ɗauka. A babbar sukuwar Lonshan ta farkon Oktoba, mai tsawon mita 2,400, ingarma ɗan shekara 3 na ɗaukar kilo 56.5, wanda ya girme shi kilo 59.5, goɗiya kuma a rage mata kilo 1.5. A wasu gasannin, dokin da ya fi ƙwazo shi ake ƙara wa kaya don na baya su samu dama. Kafin a hau, mahayi zai tsaya kan sikeli rungume da sirdinsa. In bai kai ba, a cika da dalma a aljihunan wani ƙyalle da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi. Bayan an gama gudu zai koma kan sikelin. Idan ya gaza fiye da ɗan abin da doka ta yafe, ko dalma ce ta zame a hanya, ko mai ɗaura sirdi ne ya manta da ita, an cire dokin, na bayansa su matso gaba.

Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ai wannan gaskiya ce, wanda ya san doki ya san cewa ko likkafa ta fi nauyi sai ya ji a ƙarshen gudu. Ni ma ban ga zalunci a dokar ba. Mai dokin da ya ɗauki kayansa cif-cif bai kamata wanda ya sauke nasa a hanya ya sha gabansa ba, ko da gangan ko da tsautsayi. Mahayan kansu suna shan wuya a kan sikelin nan, da yunwa da zufa suke tsare jikinsu.

Inda abin ya taɓa ni shi ne wajen kuɗi. A irin wannan caca tara kuɗin kowa ake yi wuri ɗaya, a cire kason kamfani da na gwamnati, sauran a raba wa waɗanda suka dace. Ba a biya sai alƙalai sun tabbatar da sakamako, don haka abin da ido ya gani a bakin layi ba shi ne hukunci ba. Da aka cire dokin nan, na huɗu ya zama na uku, tikitin yaron ya koma takardar ƙunsa gyaɗa, wasu kuma da suka riga suka yar da nasu suka shiga tonon shara. Dattijon ya ƙara da cewa in da bayan kwanaki ne aka kama dokin, misali a gwajin ƙwaya, da yaron ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba mai cewa ya dawo da su. Wannan maganar ita ta fi ƙona wa yaron rai.

Kuɗin da ya zuba kuwa na mai babur ne, wanda zai miƙa da magariba. Kawu ya buɗe akwatinsa ya ƙirga masa su, amma ya ce bashi ne, kuma da aiki za a biya: kullum bayan la'asar ya zo ya taya shi yankan fata har sallah ta wuce. Ya kuma faɗa masa a gaban kowa cewa caca haram ce, ko an ci ko an faɗi. Yaron ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba."

Ranar da zan wuce Marwa shi ya kai ni tasha a baburinsa, ya ƙi karɓar kuɗina. A hanya yana ta tambayata ko zan samo masa wuƙar dukawa mai kyau a kasuwar Marwa, don wadda Kawu ya ba shi ta dakushe.