Lasisin da ban duba ba

Samfurin ƙasa sittin muka ɗebo daga wani ƙauyen masu haƙar zinare a Zamfara domin auna dalma da zaiba, daga tsakar gidaje, bakin rijiya da wuraren da injin niƙa ya taɓa zama. Ɗibar ta tafi daidai. Kowane gida mun kankare saman ƙasa, abin da bai wuce santimita biyu ba, daga wuri biyar, muka haɗa wuri guda, muka shanya, muka tankaɗe da rariya mai ido maikiron 250, domin lallausar ƙurar nan ce take manne wa hannun yaro ta shiga baki. Na'urar XRF ta hannu, wadda ke haska ƙasa ta nuna yawan ƙarfen da ke ciki, ta ba mu adadin dalma nan take, sannan muka ware ɗaya cikin kowane ashirin domin a tabbatar a ɗakin gwaje-gwaje. Zaiba kuwa, wadda masu haƙa ke kama zinare da ita, ba a dogara da na'urar hannu a kanta, dole sai ɗakin gwaji.

A nan na yi sakaci. Ina da rajistar ICCON, hukumar da dokar soja mai lamba 91 ta 1993 ta ɗora wa kula da sana'ar masana sinadarai, kuma na biya kuɗin shekara. Sai na ɗauka hatimina ya wadatar. Ashe takardar kwangilar ta ce sakamakon gwajin sai da sa hannun mai rajistar IPAN, wato hukumar masu gwajin hukuma da doka mai lamba 100 ta 1992 ta kafa, kuma lasisinsa ya kasance na shekarar da ake ciki. Mutumin da ya sa mana hannu ƙwararre ne, ba na ja, amma bai sabunta nasa ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Bayan mako shida aka dawo mana da rahoton, an ƙi karɓarsa saboda lasisin nan. Dalma ba ta ba mu wahala ba, samfurinta yana kai wata shida ana amincewa da shi, sai kawai muka ɗauki ragowar muka kai wani ɗakin gwajin. Zaiba ce ta karya mu. Wa'adinta kwana 28 ne daga ranar ɗiba, a kwalba mai murfi, cikin sanyi, saboda tana bin iska. Namu sun wuce, babu wanda zai karɓa.

Komawa ƙauyen ta faɗo tsakiyar damina. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, kuma danshi idan ya haura kashi ashirin cikin ɗari na'urar tana nuna adadi ƙasa da gaskiya. Gidan da a rani dalmarsa ta haura 400, ma'aunin miligiram a kilo da aka yi aiki da shi a aikin kwashe ƙasa bayan annobar gubar dalma ta 2010 a Zamfara, sai ga shi yana nuna kamar lafiya lau. Dole muka sake shanya komai a inuwa kafin a auna. Wani magidanci ya tsaya yana kallonmu ya ce, "Malam, ba kun ɗiba ba rannan?" Na rasa amsar da zan ba shi, ga 'ya'yansa suna wasa a daidai wurin.

Yanzu kafin ko cokali ɗaya na ƙasa ya bar hannuna, sai na ga kwafin lasisin wanda zai sa hannu, da shekararsa, ba lambar rajista kawai ba, don lamba ba ta nuna ko an sabunta. Ina kuma neman takardar amincewar NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ko ta Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya idan mai aikin ya ambace ta, in duba ranar ƙarewarta. Takardar miƙa samfuri, wadda ke nuna wanda ya ɗiba, wanda ya karɓa da ƙarfe nawa, tana tafiya cikin akwatin sanyin. Samfurin zaiba kuma nakan ɗebi biyu, in rubuta ranar cikar kwana 28 da jan biro a kan murfin.