Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗaya a Bakin Uku

A makon jiya na tsaya a inda rabin jarina ya narke cikin wata huɗu. Wanda bai taɓa shiga kasuwar hannun jari ba, zai ɗauka in ka yi asarar kashi 50 cikin ɗari, ribar kashi 50 za ta mai da kai inda kake. Ina! Sai ka ci kashi 100 cif kafin uwar kuɗinka ta dawo. Wannan lissafin ya hana ni barci, shi ya kai ni wurin wani dattijo da ya daɗe a harkar.

Na nuna masa kamfanin da nake shirin sayen hannun jarinsa, ina ta zuba bayanin inda farashi zai kai. Sai da na gama ya ce, "Ɗana, in hasashenka bai yi daidai ba, nawa za ka rasa?"

Na yi shiru. Wallahi ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba.

Ya ɗauki biro. Ya ce a ƙaddara na saya a 100, na sa iyakar asara a 95, wato farashin da in an sauko gare shi za a sayar mini don asarar ta tsaya nan, in kuma ya hau zan sayar a 115. Na yi kasadar 5 don neman 15, wato ɗaya a bakin uku. A ciniki goma, ko uku kaɗai na ci na faɗi bakwai, riba 45 ce, asara 35, saura 10 a hannuna. Da wannan ma'auni, cin ɗaya cikin huɗu ya isa a tashi ba ci ba asara. In ɗaya a bakin biyu ne, sai an ci ɗaya cikin uku. In kuwa ɗaya a bakin ɗaya ne, sai rabi, kuma ba a cire la'adar dillali ba tukuna.

Na fito ina jin kamar an ba ni mabuɗin taska. A nan kuma na yi kuskuren da har yau yake yi mini ciwo. Don lissafi ya yi kyau a takarda, sai na riƙa matso da iyakar asara zuwa 98, ina tura wurin sayarwa can nesa inda farashin bai taɓa zuwa ba. Farashi kuwa kullum yana ɗan hawa da sauka. Ya gangaro ya taɓa iyakata, a fitar da ni da asara, bayan kwana biyu ya haura ba tare da ni ba. Haka na yi ta zubar da kuɗi kaɗan-kaɗan.

Na koma na ce, "Baba, ma'aunin nan bai karɓe ni ba."

Ya ce ni na yi masa dole. Iyakar asara ana sa ta ne a inda, in farashi ya kai, dalilin sayenka ya rushe. Wurin sayarwa kuma a inda farashin ya saba cijewa. Bayan nan ake aunawa, in bai biya ba a bar cinikin. In tazarar ta yi faɗi, yawan hannun jarin ake ragewa, yadda asarar ciniki guda ba za ta wuce kashi 1 cikin ɗari na jari ba.

Na duba littafin da nake rubuta cinikina, na ga kusan huɗu nake ci cikin goma. Sai na tsaya a ɗaya a bakin biyu: riba takwas, asara shida. Ba yawa, amma hankalina ya kwanta.

Ana haka cutar korona ta ɓullo. Daga 19 ga Fabrairu zuwa 23 ga Maris na 2020, ma'aunin S&P 500, wanda ke auna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 34 cikin ɗari, har sau huɗu aka dakatar da ciniki na minti 15 a watan Maris ɗin. Wata rana aka buɗe kasuwa, na tarar farashin ya tsallake iyakar asarata tun kafin a fara, ya sauka can ƙasa da ita. Abin da na yi a ranar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.