Kafin ku haɗa kuɗin mota ku nufi Yankari

Ɗan yayata ne ya shigo min shago ran Asabar da yamma yana ta murna, wai shi da abokansa sun gama jarabawa sun haɗa kuɗi zasu Yankari, kuma shi ne mai riƙe kuɗin. Nace masha Allah, yaushe? Yace sati mai zuwa kawu. Muna tsakiyar Agusta fa, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Nace kwana nawa zakuyi? Yace haba kawu ai ba kwana, mu tashi daga Kano da safe, muyi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, mu ɗau bidiyo da giwaye, mu dawo da daddare. Yana magana yana latsa waya, ko kallona baiyi ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin tsarin da yake karanto min ɗin nan nawa ne, ni na taɓa yinsa da hannuna, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ban daɗe da fara aiki ba. Ni na kawo shawarar a ɗakin malamai, ni na bi kowa na karɓi kuɗinsa, ni na nemo bas. Ban tambayi kowa komai ba. Abin da na sani kawai akwai giwa da zaki a Yankari kuma tana jihar Bauchi, shi ke nan. Na zaɓi Agusta saboda lokacin ne muke dogon hutu, kuma a tunanina da damina daji yafi kyau, ko'ina kore shar, dabbobi sun ƙoshi zasu fito suna yawo. In mutum zai min adalci wannan tunanin ba na hauka bane, duk wanda ya tashi a ƙauye yasan dabba da damina take kyau, kuma a lokacin ba intanet a hannun kowa balle in bincika. Amma kuma gaskiya akwai wanda zan iya tambaya, maƙocinmu direban babbar mota ne da yake bin hanyar Gombe kullum, girman kai ne ya hana ni, ina ganin ni malami ne me direba zai koya min.

A cikin tafiyar akwai wani dattijo da muke aiki tare, ya kusa ritaya, duk muna ce masa Baba. Shi yafi kowa ɗoki. Yace min tun yana yaro kakansa yake bashi labarin giwa, shekarunsa sun ja bai taɓa ganinta da ido ba, ya ciro kuɗinsa daga aljihun 'yar ciki ya ƙirga min a hannu yace ɗana Allah yayi maka albarka da wannan tunani. Ya kuma taho da jikansa ɗan ƙarami.

Mun ce bayan asuba zamu tashi, bamu bar Kano ba sai da hantsi ya dubi ludayi, wannan ya makara, wancan ya manta abu, direba ya tsaya gyaran taya. Ni a kaina Bauchi ita ce Yankari. Ban san bayan ka bi Wudil da Birnin Kudu da Ningi ka shiga Bauchi, kusan kilomita 300, akwai sauran tafiyar da ta haura kilomita 100 a gabanka ba. Sai ka ɗau hanyar Gombe, a Dindima ka karkata, kaje ƙofar shiga ta Mainamaji, daga ƙofar ma sai kayi wajen kilomita 40 a cikin daji kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. A ƙofa aka ce kuɗin shiga daban, na mota daban, ni kuma kuɗin bas da na abinci kawai na lissafa, sai da na koma ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya su ƙaro, idona da kunya. Muka isa sansanin la'asar sakaliya, motar zagaya daji ta yamma ta riga ta fita, hadari ya haɗo ta gabas.

Abin da muka gani gwaggon birrai ne da gadu suna kiwo a tsakar sansanin. Jikan Baba yana riƙe da ledar biredi, kafin wani ya ankara wani ƙaton biri ya sauko daga kan katanga ya fizge ledar, yaron ya faɗi ya kurje gwiwa da tafin hannu, ya dinga ƙwala ihu jikinsa na rawa. Na ga haƙoran birin nan a kusa, tsawonsu ya isa, da yaron ya riƙe ledar gam ban san me zai faru ba. Kuma ni ne na raba biredin a fili nace kowa ya riƙe nasa.

Mafi muni abin da nayi bayan nan ne. Kunya ta ishe ni, mutane sun fara guna-guni, sai na ja wasu abokan aikina matasa nace mu ɗan taka bayan sansanin ko Allah zai sa mu hango giwa mu zo mu kira Baba. Ba jagora, ba wanda muka faɗa wa. Ciyawa ta fi tsayina, taku kaɗan muka daina ganin rufin ɗakunan, ƙudan tsando yana cizonmu ta cikin riga, muka juyo muka rasa ta inda muka shigo. Wani ma'aikacin gandun ne da ya ga shigarmu ya biyo sawunmu ya fito damu. Bai zage ni ba, cewa kawai yayi malam a cikin ciyawar nan ɓauna zata ganka kai baka ganta ba, kuma ɓauna bata gargaɗi. Nakan ce wa kaina ai don Baba nayi, niyyata mai kyau ce, kuma haka ne wallahi. To amma da ɗayan yaran nan ya mutu a ciyawar nan me zan je in gaya wa uwarsa, in ce niyyata mai kyau ce?

Kuɗin ɗaki babu, muka juyo cikin dare cikin ruwa, mai ya kusa ƙare mana kafin mu samu gidan mai, muka shiga Kano gari ya kusa wayewa. Baba bai ce min uffan ba duk hanyar, jikansa na barci a cinyarsa. Da aka koma makaranta nace masa in sha Allahu da rani zan sake haɗa tafiya, yace Allah ya kaimu. Ban haɗa ba, aure ya zo, hidima ta zo, yayi ritaya, daga baya naji rasuwarsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Bai ga giwa ba.

Ni na koma daga baya, a watan Maris, na kwana, na fita da motar safe, na ga garken giwaye sun sauko kogin Gaji shan ruwa da 'ya'yansu a tsakiya, na ga ɓauna da gwanki da gwambaza. A ranar na gane abu mai sauƙin da ya gagare ni. Dajin nan faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da damina ruwa yana ko'ina, kowane kwari ya zama tafki, dabba bata da dalilin zuwa inda kake, ga ciyawa ta rufe komai. Da rani kuwa tafkunan sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole kowa ya gangaro Gaji. Ba wata dabara bayan wannan.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa a jere, amma da na fara sai naga yawanci surutu ne. Kuje tsakanin Fabrairu da Afrilu. Zafi zai gasa ku, musamman Afrilu, wanda baya jure zafi ko mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara gara yaje Janairu, duk da cewa hazon hunturu yana rage gani kuma dabbobin basu gama taruwa ba. Ku zaɓa, amma ba Agusta ba.

Ku kwana. Wanda bashi da kuɗin kwana bashi da kuɗin zuwa Yankari, ya ƙara tarawa. Dabba da sassafe take fita da kuma yamma lis, da rana tsaka tana inuwa, kai kuma da ka taso daga Kano ko Kaduna da ranar tsakan zaka iso. Ku kira tun kafin ku tashi ku tambayi kuɗin ƙofa da na ɗaki da na motar zagaye da jagora, ku kama ɗaki, musamman lokacin Sallah da ƙarshen shekara da wurin yake cika. Ku riƙe tsabar kuɗi, ku daina wannan ɗabi'ar ta zan maka transfa, cikin daji ne, sabis yana iya ɗaukewa. Ku cika tanki a Bauchi. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a satin da zaku tafi, kuma kada dare yayi muku a hanya, wannan ba sai na tsaya bayani ba a ƙasar nan.

Abin da yake ƙona min rai da ku yaran yanzu, komai yana cikin wayar hannunku, abin da ni na rasa ku kuna dashi, minti biyar ya isa ku san watan da ya dace, amma ba zaku duba ba, bidiyon wata a TikTok tana iyo a Wikki kawai kuka gani shi ke nan kun yanke hukunci. Wurin nan tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006, yana cikin wuraren ƙarshe da garken giwa ya rage a Najeriya, akwai mutanen da suke kwana a daji suna gadinsu daga mafarauta da ransu a hannu, ku kuma abin da ya dame ku wane kaya zaku saka a hoto. In kun hau motar zagaye ku rufe bakinku, ku kashe waƙa, ku ajiye wayar nan ku kalla da idonku. Ko da yake, ku ɗau hoton. Ni bani da hoton Baba ko ɗaya daga tafiyar nan kuma ina jin ciwon hakan. Ku ɗauka ɗin, ku tafi da fawa bank, amma kada wani ya sauko daga mota don yana son giwa ta fito a bayansa. Jagora yace zauna, ka zauna.

Ba a riƙe abinci a hannu a sansanin, ba a barin ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe, ba a bawa biri komai ko da wasa, masu basu ne suka koya musu ƙwace. Ku sa riga mai dogon hannu mai kauri, ku guji baƙi da shuɗi don su ƙudan tsando yake bi. Wikki kuwa ku shiga, ruwa ne garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, amma wajen da yake ɓuɓɓugowa ƙarƙashin dutsen yana da zurfi, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, kada abokai su zuga ka. In da sauran lokaci ku nemi a kai ku kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, ana kyautata zaton mafaka ce daga masu farautar bayi.

Kada ku cika bas da mutum ashirin, kowa da ra'ayinsa, ɗaya zai makarar da ku duka. Amma kuma kada ku tafi ku biyu, kuɗin motar zagaye zai muku nauyi kuma in wani abu ya faru ba mai taimako. Ni dai na fi son mutum biyar ko shida waɗanda suke jin magana.

Kai kuma mai riƙe kuɗi, da kai nafi yi. Duk wanda ya ƙirga maka kuɗinsa a hannu amana ya baka, in tafiya ta lalace sunanka za a kira ba na hadari ba. Kada kayi wa kowa alƙawarin zaki, kaɗan ne suka rage, mutane da yawa sun je sun dawo basu gani ba, giwar ma ko da rani ba dole bane. In kun nace sai Agustan nan saboda lokacin ne kuke hutu, to kuje, ba zan ɗaure ku ba, amma ka tara abokanka tun kafin ka karɓi ko sisi ka gaya musu wanka zamu je yi da kallon birrai, wanda yake son giwa ya riƙe kuɗinsa sai Maris.